Babi na Bakwai: Kanal, Jarka da Farantin Sola

Ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya tsaya a dandalin Eagle Square a Abuja ya shelanta cewa tallafin man fetur ya ƙare, manoman rani na Kadawa suna tattara komatsansu ne. An girbe alkama tun watan Maris, tumatir ya ja baya, shinkafar rani ta kusa shiga buhu, hadari ya fara haɗowa daga gabas. Cikin kwana biyu litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a gidajen man Kano. Mai Adaidaita Sahu ya ji a jikinsa nan take, ma'aikaci ya ji washegari a tasha. Shi kuwa manomin rani damina ta rufa masa asiri na wata biyar. Sai da ruwa ya ɗauke aka shiga Nuwamba, ya fito da injin ban-ruwa ya kakkaɓe masa ƙura, ya rataya jarka a babur ya nufi gidan mai, sannan lissafi ya riske shi: lita ta wuce 600. Kafin rani na gaba ya kama, a Oktoban 2024, ta tsallake 1,000.

Abin da ya kamata mai karatu ya tsaya a kansa shi ne, tun asali ba a tsara noman Kadawa don ya sha ko cokali ɗaya na fetur ba.

Waɗanda suka zana aikin a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, sun yi amfani ne da abin da Allah ya riga ya shimfiɗa. Ƙasar kudancin Kano tudu ce, tana sauka sannu a hankali zuwa arewa. In aka tare Kogin Kano a Tiga, ruwa zai taka da ƙafarsa har bakin gona. Tsakanin 1971 da 1974 aka gina madatsar, mai iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2, daidai shekarun da fari ya ƙarar da dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu a faɗin Sahel. Daga Tiga babban kanal ya ɗauko ruwa zuwa tafkin Ruwan Kanya, can gaba ya rabu reshe biyu, na gabas ya nufi ƙasar Bunkure, na yamma ya bi ta Kadawa da Garun Malam zuwa Kura. A Kadawa aka fara gwajin aikin, shi ya sa sunan wannan gari ya rufe yankin gaba ɗaya a bakin mutane, kuma har yau Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da tashar gwaji a nan. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. An tsara hekta 22,000 a kashin farko, aka kammala kimanin 15,000.

Akwai wata dabara a cikin zanen da nake ganin ba a yaba mata yadda ya kamata. Kanal ba ya barci, amma manomi yana barci. Saboda haka aka haƙa tafkunan ajiyar dare a sassan aikin. Ruwan da ya taho bayan magariba sai ya taru a ciki, gari na wayewa a ɗaga ƙofar ƙarfe, ya bi ƙananan kanal ya watsu. Manomi ya tsoma lanƙwasasshen bututu a ruwa, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya fizgo shi ya kwantar a kan gaɓa, ruwa ya tsallako da kansa ya shiga fangali. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba layi a gidan mai. Injiniyoyin makamashi na duniya suna ta fama yau da batun inda za a adana ƙarfin da aka samu a wani lokaci don a more shi a wani, ana kashe biliyoyin daloli kan batura. A Kadawa rami da ƙofar ƙarfe suka yi wannan aiki shekara hamsin da suka wuce. In ana maganar makamashi mai tsabta a ƙasar Kano, wannan gangara ita ce babbar yaya.

To ta ina fetur ya shigo?

Ta ƙofa biyu. Ta farko alheri ce, kuma bai dace a manta da hakan ba don mai ya yi tsada. Kafin shekarun 1980, mai lambu a fadama da jigo yake ban-ruwa: doguwar sanda, guga a kai ɗaya, dunƙulen laka a ɗayan, mutum ya wuni yana sunkuyawa yana miƙewa don ya shayar da abin da bai kai kadada ba. Da hukumar raya aikin gona ta Jihar Kano, KNARDA, ta fara yaɗa ƙananan injuna irin na Honda da 'yan rijiyoyin burtsatse marasa zurfi, sannan shirin Fadama na farko da Bankin Duniya ya tallafa ya biyo baya a 1993, aikin da ke karya ƙugun magidanci ya koma na awa biyu. Dubban gidaje da samarinsu ke tafiya cirani suka samu abin yi a gida. Injin ban-ruwa ya 'yanta mutane da yawa, wanda ya taɓa jan jigo shaida ne.

Ƙofa ta biyu ita ce ta sakaci. Shekara bayan shekara yashi da laka suka cike kanal, simintin gefe ya tsattsage, aka sace ƙofofin ƙarfe ko suka yi tsatsa, kachalla ta mamaye tafkunan dare da magudanai har ruwa ya rasa hanya. Kuɗin ruwan da ake karɓa bai taka kara ya karya ba, shi ma ba kowa ke biya ba, kuma ba lalle ya dawo kan kanal ba. A lokaci guda shinkafa ta ci gonakin rani da aka yi lissafinsu da alkama da kayan miya, ga ta da shan ruwa ninkin-ba-ninki. Na kusa da bakin kanal ya sha ya ƙoshi har gonarsa ta jiƙe fiye da kima, na can ƙarshen layi ya zauna jiran ruwan da ba zai iso ba. Me zai yi? Ya sayi inji, ya jefa tiyo a magudanar da ke kwashe ragowar ruwan na sama, ko ya buga rijiya a gefen gona. Waɗanda gonakinsu ke kan tudu, wajen iyakar aikin, su ma suka jera injuna a bakin babban kanal suna ɗagawa, abin da ya ƙara rage rabon na ƙasa.

Duk wannan ya yiwu ne saboda fetur na da araha. Muddin lita ba ta kai kuɗin kwanon abinci ba, manomin ƙarshen layi zai yi gunaguni, ya cika jarka, ya ci gaba da harkarsa. Ba zai tara jama'a a tafi ofishin hukuma ba. Arahar mai ta lulluɓe mutuwar kanal har ta hana a ji ɗoyinta. A shekarar 2022 kaɗai, abin da Najeriya ta kashe kan tallafin fetur ya haura naira tiriliyan 4, kusan dala biliyan 10. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 don gyara manyan ayyukan ban-ruwa na Arewa, har da Bakolori da kwarin Haɗeja da Kogin Kano, rancen da bankin ya ba shi bai cika dala miliyan 500 ba. Wato tallafin shekara guda ya ninka kuɗin gyaran kusan sau ashirin. Ina cikin masu ganin an cire tallafin ba tare da tanadin da ya kamata ba, an bar talaka da zafin shi kaɗai. Amma wannan lissafi ma gaskiya ne, kuma duk mai kishin noman rani ya kamata ya dube shi ido da ido: mun shafe shekaru muna ƙona kuɗin gyara a cikin tankin inji.

Injin inci uku yakan sha lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa. A ɗauka, don misali kawai, gona na buƙatar lita 200 daga dashe zuwa girbi. A farkon 2023 wannan bai kai naira 40,000 ba. A ƙarshen 2024 ya zama 200,000, in ma a gidan mai aka saya ba wurin 'yan bumburutu ba. Ko da farashin ya ɗan sauko a 2025 bayan matatar Dangote ta fara sayar da fetur, bai ko leƙa inda ya fito ba. Kuma jarka ɗaya ce kawai daga hanyoyin da mai ke bi ya shiga gona. Tarakta dizal take sha, shi kuwa dizal tun 2022 ya yi tashin gwauron zabo bayan Rasha ta afka wa Yukren. Takin yuriya daga iskar gas ake yin sa, farashinsa na bin kasuwar duniya ko da a Legas ko Fatakwal aka sarrafa shi. Injin casa, injinan gyaran shinkafa da suka cika Kura, motar da za ta kai kaya kasuwar Kwanar Gafan, tirelar da za ta ɗauki kwandunan tumatir ta yi tafiyar kilomita kusan dubu zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, kowanne yana da bakin sha. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen 460 har ta kai 1,500 a farkon 2024, maganin feshi da kayan gyaran inji suka bi ta. Sai kuma a Yulin 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, har da shinkafa da alkama, na kwana 150, don sauƙaƙa wa mutanen birni. Ya sauƙaƙa ɗin, amma farashin shanshera ya faɗo a hannun mutumin da ya noma ta da fetur mai tsada.

Dabarar farko da manoma suka kama ita ce tukunyar gas ɗin girki. Bakanike ya canza wa inji kafireto, a ɗaura tukunya a bayan babur a kai gona. Da farko an samu sauƙi sosai. Sai dai shi ma gas da dala ake auna shi, bai daɗe ba kilo ya haura naira 1,000. Wasu suka rage faɗin abin da suke nomawa, wasu suka bar shinkafa suka koma albasa da masara, wasu suka ba da gonar haya.

Ana cikin haka farantan sola suka fara bayyana a bakin gonaki.

Ba jawabin shugabanni ya kawo su ba. A 2021, a taron sauyin yanayi na Glasgow, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, amma da wuya a samu manomi a Bunkure da ya sayi faranti saboda wannan. Abubuwa biyu ne suka haɗu: mai ya hau, sola ta sauko. Tsakanin 2010 da 2020 farashin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, saboda masana'antun Sin, waɗanda ke ƙera fiye da kashi 80 na abin da duniya ke amfani da shi, sun yi ta ƙerawa har ya fi ƙarfin masu saye. Ƙungiyar Ember mai bibiyar harkar lantarki ta ƙididdige cewa a wata goma sha biyu zuwa Yunin 2025 Najeriya ta shigo da farantan da suka kai megawat 1,700 daga Sin, Afirka ta Kudu ce kawai ta fi ta a nahiyar. A tuna cewa babban layin lantarki na ƙasa baki ɗaya yawanci megawat 4,000 zuwa 5,000 yake rabawa, kuma a Oktoban 2024 Arewa ta kwana fiye da mako a duhu bayan an lalata layukan da ke kawo mata wuta.

Kano na da manyan ayyuka da ake nuna wa baƙi: tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero tun 2019, mai megawat 10 a Kumbotso da aka buɗe a Janairun 2023, da tashar lantarki ta ruwa mai megawat 10 da gwamnatin jiha ta gina a jikin madatsar Tiga kanta, don matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titi. Suna da amfani. Amma babban sauyin a shagunan Sabon Gari yake faruwa, faranti huɗu yau, shida gobe, daga aljihun mutane.

Ban-ruwa na daga ayyukan da suka fi dacewa da sola. Abin da ya fi tsada kuma ya fi saurin mutuwa a solar gida shi ne batir, shi kuwa famfon gona ba ya buƙatarsa. Rana ta fito ya tashi, ta faɗi ya kwanta. A Maris da Afrilu, lokacin da shuka ta fi ƙishi, lokacin ne rana ta fi ƙarfi. Ba baƙin mai, ba fulogi, ba jan igiya har kafaɗa ta gaji. Faranti mai kyau yakan yi shekara ashirin yana aiki.

Amma wanda ya ce wa manomi sola za ta yi masa abin da injin fetur ke yi daidai wa daida, ya yaudare shi. Injin fetur tunkuɗo ruwa yake da ƙarfi, cikin 'yan awanni ya cika gona mutum ya koma gida. Ƙaramin famfon sola a hankali yake zuba, sai an wuni ana juya ruwa daga fangali zuwa fangali. Ga mai tumatir da albasa da tattasai wannan ya isa, har ya fi. Ga mai hekta guda ta shinkafa sai an jera faranti da yawa da babban famfo, kuɗi ya ninku. Hazon hunturu yana rage ƙarfin rana, ƙura ta kwanta a kan gilashi sai an goge kullum. Wanda ke ɗaga ruwa daga kanal, in rabonsa ya faɗo da yamma ko da asuba, farantinsa ba zai amfane shi ba. Ga ɓarayi: ba mai barin dukiya irin wannan ta kwana a daji, don haka kullum sai an loda a amalanke ko a kura an kai gida, da safe a dawo da ita, gilashi kuwa ba ya son jijjiga. Kasuwa ta cika da farantan da lambar da aka rubuta a bayansu ta fi ƙarfinsu. Kuma kowane ƙauye na da bakaniken da zai kwance injin Honda ido rufe, amma wanda zai gyara akwatin sarrafa wutar famfo sai an nemo shi daga birni. Waɗannan duka matsaloli ne da lokaci da koyo za su rage. Akwai wadda ba za ta ragu da kanta ba.

Fetur kuɗin yau da gobe ne. Talaka na iya sayen lita uku yau, ya ranci biyar jibi, dillalin da zai sayi amfanin ya ba shi na mako a cire da girbi. Yana cutuwa, amma yana noma. Sola kuwa kuɗin shekara goma take nema a biya a rana ɗaya. Wanda ya iya biya ya huta, ruwansa ya zama kyauta, ribarsa ta ƙaru, baɗi ya karɓi hayar gonar maƙwabcinsa da jarka ta gagara. Wanda bai iya ba yana nan yana sayen makamashi mafi tsada, yana kai kaya kasuwa ɗaya da wanda ba ya sayen ko lita. Kadawa ta taɓa ganin irin wannan. Tun ƙarshen shekarun 1970 wata mai bincike, Tina Wallace, ta zauna da manoman aikin Kogin Kano ta rubuta yadda tsadar taki da hayar tarakta da ƙwadago suka sa masu hali suka fi cin moriyar ruwan, ƙananan manoma da yawa suka koma ba da gonakinsu haya. Ruwa ya zo don kowa, jari ya tace waɗanda za su sha. Ina tsoron kada rana ma ta bi wannan hanya. Ƙari a kan haka, da yawa daga masu noman rani a yankin a gonar haya suke, ta kaka ɗaya. Wa zai buga rijiya ya kafa ƙarfe a ƙasar da ba shi da tabbacin zai sake taka ta baɗi?

Don haka tambayar sola a Kadawa tambayar bashi ce kafin ta zama ta fasaha. Indiya ta gane wannan: a shirinta na PM-KUSUM da ta fara a 2019 gwamnatin tarayya da ta jiha ke ɗaukar kashi 60 na kuɗin famfo, manomi ya biya saura, akasarinsa ta hanyar rance. Mu kuwa mun fito daga darasin shirin Anchor Borrowers da Babban Banki ya ƙaddamar a Kebbi a 2015, inda aka raba fiye da naira tiriliyan ɗaya, da yawa suka ɗauke shi rabon ganima, biya ya gagara, manomin gaskiya ya rasa amincin da zai ci bashi da shi nan gaba. Famfon sola ya bambanta da buhun taki ta fuska ɗaya mai muhimmanci: ba ya narkewa a ƙasa. Kadara ce da ake gani, ana iya karɓe ta a ba wani. Wannan ya sa ya dace da cinikin da jama'armu suka fi natsuwa da shi, wanda babu kuɗin ruwa a ciki: banki ko ƙungiya ta saya ta sayar wa manomi da riba sananniya, ya biya kaka-kaka, ko ta ba shi haya har ya mallaka. Bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ya buɗe a Kano tun 2012, wasu sun biyo bayansa, malamai sun daɗe da warware hukuncin waɗannan hanyoyi biyu, murabaha da ijara. Abin da ya rage shi ne a sauko da su daga cinikin mota da gida zuwa bakin fangali, a daidaita lokacin biya da lokacin girbi maimakon ƙarshen wata irin na ma'aikaci. Mutum biyar masu gonaki jere kuma za su iya haɗa hannu kan famfo ɗaya su yi karɓa-karɓa, yadda aka saba da adashi. Tunda kuɗin saye shi ne babban shinge, maganar da Ministan Kimiyya na lokacin, Uche Nnaji, ya yi a Maris 2025, cewa za a hana shigo da farantan sola don a ƙarfafa masu ƙerawa a gida, ta tayar da hankalin mutane da yawa. Burin mai kyau ne, amma rufe ƙofa kafin masana'antun gida su iya cike gurbin zai ƙara wa faranti tsada ne kawai, kuma ƙaramin manomi shi zai fara faɗowa daga layi.

Akwai kuma ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Tsadar fetur, duk muninta, ita ce linzamin da ke sa mutum ya kashe inji da zarar gona ta sha. In ɗaga ruwa ya zama kyauta, me zai sa a kashe? A Yaman, inda yaƙi ya sa dizal ya gagara manoma suka koma sola, masu bincike sun ga ruwan ƙasa yana ja da baya a wuraren da famfunan suka yi yawa. A Fakistan, wadda ta shigo da faranti na kusan megawat 17,000 a 2024 kaɗai, irin wannan fargaba ake yi a lardin Punjab. Ƙasar Kano ta kudu a kan dutse take zaune, ruwan da ke samanta ba mai zurfi ba ne, ba kuma teku ba ne. A cikin yankin aikin ma, yawancin abin da rijiyar gona ke zuƙowa ruwan Tiga ne da ya tsiyaye daga kanal da gonakin sama ya nutse. Can ƙasa kuma akwai Wudil, akwai Haɗeja, akwai dausayin Nguru da masuntansa da makiyayansa, waɗanda tun gina madatsun Tiga da Challawa suke kuka da yadda kogin ya sauya musu hali. Kowace lita da aka ɓarnatar a Kura daga rabon wani aka ɗebe ta.

Wannan ya dawo da mu bakin kanal. Ƙarƙashin TRIMING an yashe manyan hanyoyin ruwa na aikin Kogin Kano, an sake siminti, an sa sabbin ƙofofi, an kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa sashe-sashe, aka ba su alhakin karɓar kuɗi da kula da ƙananan kanal. Manoma sun biya farashin gyaran da jikinsu, domin akwai ranin da aka rufe ruwa don ma'aikata su samu shiga, mutane suka zauna ba noma. Inda ruwa ya koma isa ƙarshen layi, inji ya koma ɗaki ba tare da an sayi faranti ko ɗaya ba. Wannan ita ce hanya mafi araha ta raba gona da fetur, kuma ita ce ba ta tambayar mutum nawa ke aljihunsa: ruwan da ya gangaro yana shiga gonar mai kadada ɗaya yadda yake shiga ta mai hamsin. A Satumban 2024 Bankin Duniya ya amince da wani sabon rance na dala miliyan 500, mai suna SPIN, don madatsu da ban-ruwa da lantarkin ruwa. Rance dai rance ne, jikoki za su biya, kuma ba a gyara kanal sau ɗaya a huta. Kachalla ba ta san an rufe shiri ba, kowace damina sai ta dawo.

A ganina ga yadda ya kamata a jera abin. A cikin hekta dubu goma sha biyar ɗin da aka shimfiɗa wa kanal, duk gonar da ke buƙatar famfo, na fetur ne ko na sola, alama ce ta wani wuri da ya toshe ko wani da ya sha fiye da rabonsa, kuma can ya kamata kuɗi da hukunci su fara zuwa. Sola ta tafi inda gangara ba ta kai: gonakin tudu, fadamun Challawa da Watari, rijiyoyin sha, injinan gyaran shinkafa na Kura, da ɗakunan sanyi a Kwanar Gafan, inda a tsakiyar kaka tumatir ke ruɓewa a kwando ko a yanka shi a shanya a ƙasa ya zama kauɗa mai yashi. Masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, mai iya niƙa tan 1,200 a rana, ta sha tsayawa, tun daga shekarar da tsutsar da manoma ke kira Sharon ta cinye gonaki, don haka ba a kanta kaɗai za a dogara wajen ceton abin da aka noma ba.

Wani nauyin kuma na manoman ne da kansu, kuma ba daɗin faɗa gare shi ba. Kuɗin ruwa na kaka guda bai kai abin da inji ke sha a 'yan kwanaki ba, amma mutumin da ke miƙa wa gidan mai dubu ɗari biyu ba musu shi ne ke ɓuya in mai karɓar kuɗin ƙungiya ya zo. Yana da hujjarsa, ya ga shekarun da aka karɓa ba a yi komai ba. Maganin wannan shi ne kuɗin ya tsaya a asusun sashen da aka tara shi, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a bayan kowane girbi, a kuma sa manoman ƙarshen layi cikin masu sa hannu, tunda su ne ke fara komawa gidan mai ranar da aka bar laka ta taru.